Ɗigon Man Yaya Ummukulthum

Duk wanda ya saba shiga motar safe daga Kudan zuwa Zariya ya san Malam Inuwa, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai farin gemu da yake zama bakin taga, ya ɗora jakar leda a cinya, ya rufe ido tun kafin direba ya tayar da mota. Ba barci yake yi ba, gajiya ce. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana bin hanyar nan, har ya san kowane rami da ƙashin bayansa.

Aikinsa a wata cibiyar bincike ne da ke bayan gari, a ɗakin gwaje-gwaje. Ba dakta ba ne, ba farfesa ba ne. Shi ne mai wanke kwalabe, mai auna gari da ruwa, mai kunna inji ya jira ya yi zafi kafin masu digiri su iso. Ɗalibai sun zo sun same shi, sun koyi riƙe sirinji a hannunsa, sun tafi sun dawo da manyan riguna suna ce masa Baba Inuwa, shi kuwa yana nan bakin famfo da buroshi. Da farko abin yana ci masa rai. Daga baya ko cin ran ma ya gaji da shi, ya bar shi.

A Kurmin Kogi aka haife shi. Yana da shekara shida mahaifiyarsu ta rasu, sai yayarsa Ummukulthum ta zama uwa tun tana yarinya. Da lokacin aurenta ya yi aka kai ta Dandamisa, ta ce ba za ta taka ba sai da ƙaninta, haka aka haɗa shi da kayan ɗaki aka ɗora a amalanke. A gidan mijinta ya tashi, gefen kaskon suyar gyaɗa, don sana'arta ke nan tun ranar da ta tare: ta soya gyaɗa, ta murje, ta fece, a niƙo mata, ta zuba tunkuza a turmi tana juyawa da taɓarya tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Da ƙuli-ƙulinta a aljihu ya yi firamare, da shi ya yi sakandare a Makarfi. Ita ta koya masa yadda ake gane mai: ka ɗiga a babban yatsa, ka murza da manuniya, ka kai hanci. Ya girma da wannan ɗabi'a a hannunsa, ta yadda in ya ga ɗigon mai yana lilo a bakin wani abu, yatsansa kan riga tunaninsa zuwa wurin.

Man Ummukulthum kuwa suna gare shi. Shekara arba'in da wani abu masu ƙosai da masu waina na Makarfi suna aikowa Dandamisa, ga masu mai birjik a kasuwa amma sai nata. Ba ta taɓa tara abin duniya da shi ba. Sunan dai shi ne abin da ta tara, kuma tana ji da shi yadda wasu ke ji da garken shanu.

Shekara uku da suka wuce wata matashiya, Dakta Farida, ta dawo daga karatu a waje aka ba ta ɗakin da Malam Inuwa yake. Ta zo da kwali cike da ƙananan lasifikoki, kowanne bai fi kan yatsa ba. Sati biyu suna liƙa su a cikin wasu kwanuka biyu, ɗaya a sama yana kallon ƙasa, ɗaya a ƙasa yana kallon sama, da tazarar tafin hannu a tsakani. Ta ce in aka kunna, suna fitar da ƙara wadda kunnen mutum ba ya ji, sai dai jemage, kuma ƙarar tana da ƙarfin da za ta riƙe ɗigon ruwa a iska. Malam Inuwa ya ce to. Ya ga injuna da yawa sun zo da kirari sun ƙare a sito an lulluɓe su da buhu.

Wannan kam ya yi. Ta sa bakin allura a tsakiya, ta matsa sirinji a hankali, ta janye hannu, sai ga ɗigo tsaye a iska, babu zare babu komai, yana ɗan rawa kamar ƙwayar gero a faifai. Daga nan ta haska masa wani siririn haske, leza. Hasken da ya dawo daga jikin ɗigon wata na'ura ce take karɓa ta rarraba shi, ta zana a kwamfuta kamar jerin tsaunuka, wani dogo wani gajere. Kowane abu da irin zanensa, in ji ta. Ruwa da nasa, man gyaɗa da nasa, kananzir da nasa, in kuwa an gauraya biyu, tsinin baƙon zai leƙo a inda ba wurinsa ba. Amfanin rataye ɗigon shi ne babu kwalba babu kwano da zai taɓa shi ya sa masa nasa dattin, abin da ka gani na ɗigon ne shi kaɗai.

Rabon da wani abu ya burge Malam Inuwa har ya manta. Wannan ya burge shi. Cikin wata biyu ya fi Dakta iya ajiye ɗigon, don hannunsa ba ya rawa, kuma ya san yadda zai riƙe numfashi kada iskar bakinsa ta ture shi. Safar hannu ce kawai ba ya so, wai tana kashe masa jin allura. Sai ya wanke hannu da sabulu sau biyu ya yi aikinsa haka. In ya je Dandamisa ziyara kuwa, ba a jin komai sai labarin inji. Ya faɗa wa yayarsa, ya faɗa wa maƙwabta, ya faɗa wa wanda ya zo sayen ƙuli-ƙuli: su yanzu suna da injin da ba ya ƙarya, ɗigo ɗaya ya ishe shi ya tona asirin duk mai algus. Ummukulthum ta kan yi dariya ta ce auta ya samu abin wasa da tsufansa.

Da kaka ta bara magana ta tashi. Wata mai ƙosai a tashar Makarfi, Zulai, ta ce man da aka kawo mata daga Dandamisa yana warin kananzir, har wani direba ya tofar da ƙosai a gabanta. Kafin kasuwa ta sake ci, magana ta yi ƙafa. Wasu suka ce tsohuwa ta fara haɗi don gyaɗa ta yi tsada, wasu suka ce ai ruwa ba ya tsami banza. Ummukulthum ta ce a duba jarkar da Zulai ta aiko da ita, don ita ba ta wanke jarkar kowa, abin da aka kawo shi take zubawa a ciki. Babu wanda ya duba. Jarka ba ta da daɗin zance kamar tsohuwa mai shekara sittin da bakwai.

Sai ta aika a kira ƙaninta. Ta ɗebo mai daga randar da ta zuba wa Zulai, ta cika wata ƙaramar kwalba wadda shi da kansa ya zo da ita daga wurin aiki, wankakkiya fes. Ta ce tunda injinsa ba ya ƙarya, ya kai masa, ya kawo mata takarda a karanta wa matan kasuwa. Shi kuwa, maimakon ya sa kwalba a aljihu ya yi shiru, sai da ya biya tasha ya gaya wa Zulai da duk wanda ke wurin cewa su saurare shi, sati mai zuwa zai dawo da takarda da hatimi, kowa ya ga ƙaryarsa. Mutum mai shekara hamsin da tara, da furfurarsa, ya tsaya yana cika baki a gaban kaskon ƙosai.

Ya roƙi Dakta Farida, ta ce babu damuwa, amma ɗalibai sun cika injin daga Litinin zuwa Alhamis, sai dai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin kowa ya watse.

To, a ƙofar masallacin da Malam Inuwa yake Juma'a akwai wani tsoho, Malam Lawal, mai sayar da turare a akwatin gilashi. Al'adarsa ce duk Juma'a ya tsaya da kwalba ɗaya ta sadaka, duk wanda ya fito ya shafa masa a bayan hannu. Turare ne mai maiƙo, irin wanda ke kwana uku a riga. Ba a ƙin karɓa, wa zai janye hannu daga turaren Juma'a? Malam Inuwa ya karɓa kamar kullum, ya murza a tafukansa, ya shafe gemu da wuyan riga, ya yi wa tsoho addu'a ya koma wurin aiki.

Ya wanke hannu sau biyu yadda ya saba. Ya kunna inji ya zauna jiran ya daidaita, yana shafa gemu yana tunanin yadda fuskar Zulai za ta koma. Ya zuƙi man yayarsa a sirinji. Wani ɗan ɗigo ya taru a bakin allura kafin lokaci, ya share shi da babban yatsa, bai ma san ya yi ba. Ya ajiye ɗigo na biyu a iska, ya haska.

Zanen man gyaɗa ya fito, ya san shi kamar hanyar gidansu. Amma can gefen hagu ga wani siririn tsini tsaye a inda fili ya kamata ya kasance. Ya buɗe littafin da Dakta ta tara zanuka a ciki, ya bi da yatsa, ya tarar da tsini a daidai wurin a shafin dangin fetur da kananzir. Ya ce wa kansa kuskure ne, ya kashe inji ya tafi gida, ya ce wa matarsa kansa ke ciwo.

Juma'a ta biyu ya sake, da sabuwar allura. Tsini ya fito. Juma'a ta uku ya sake, tsini ya fito, har ya ɗan fi na baya tsawo. A aikinsu abin da ya fito sau uku ya zama magana, haka ya koya wa ɗalibai shekara da shekaru. Bai nuna wa Dakta ba, don kunya. Da ya nuna mata, wataƙila da ta ce ya rataye man da aka tabbatar da tsabtarsa a gwada a ga ko shi ma zai yi tsini, abin da shi kansa ya sani sarai. Amma mutumin da ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa ba ya neman shaida ta huɗu. Ya tura kwalbar can ƙuryar kabad.

Ranar Asabar ya tafi Dandamisa hannu rabbana. Ya same ta a tsakar gida tana juya tunkuza, zufa na bin wuyanta. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi gajiya, ya tambayi jikoki, ya tambayi awaki, har abin tambaya ya ƙare. Ta jingine taɓarya ta ce ina takarda.

"Yaya, akwai wani abu a cikin man."

"Wane abu?"

"Dangin kananzir. Sau uku na gwada."

Ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. "Inuwa, ba injin nake tambaya ba. Kai ka yarda na zuba?"

Akwai amsoshi da yawa da ɗan'uwa zai iya bayarwa a nan. Zai iya cewa wataƙila daga injin niƙa ne, ko randa, ko ya ce bai sani ba. Shi dai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, injin ba ya ƙarya."

Ta ce to. Ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da juyi, ta gama matsar ranar, ta ba shi ƙuli-ƙuli a leda ya kai wa yara kamar yadda ta saba. Da zai koma ya bi ta bayan tasha don kada Zulai ta gan shi. Amma rashin takardar ma takarda ce. Matan kasuwa sun ji alkawari da kunnensu, sun ga sati uku sun wuce, sun ga ƙanin mai mai yana sanɗa ta bayan shaguna. Suka ce in ɗan'uwanta na ciki ɗaya ya kasa wanke ta, su wane ne su? Aike ya ragu, ya ragu, ya tsaya. Kafin a gama girbin dawa Ummukulthum ta kife turmi.

Wata takwas ya yi bai taka Dandamisa ba. Da Sallah ya aika matarsa da atamfa, ta dawo ta ce Yaya tana gaishe shi, ta ce ba ta ga kasko a murhu ba. Yana so ya je, amma bai san fuskar da zai kai ba, fuskar mai tuhuma ko ta mai jaje. Yana jin haushinta don ta zubar da sunanta da tsufa, yana jin haushin kansa don yana jin haushinta, kuma ƙarƙashin duka yana kewarta kamar yaron da aka bari a makarantar kwana. Aikin ma ya fita ransa. Ya ci gaba da rataye ɗigo yadda yake wanke kwalabe, hannu na yi, zuciya na wani wuri, yana jiran shekarar ritaya ta zo ya huta.

Cikin watannin nan Dakta Farida ta fara wani bincike a kan man girki da ake haɗawa da wani mai, ta ba shi aikin gwada tsabtatattun mayuka da aka san asalinsu, don su zama ma'auni. Wasu ya yi su Talata, wasu Laraba, wasu Juma'a da yamma in aiki ya taru. Ita kuma ba ta zauna ta jera sakamakon gaba ɗaya ba sai da damina ta sauka.

Wata Juma'a bayan masallaci ya dawo ya tarar ba ta tafi ba, tana zaune gaban kwamfuta ta yi tagumi. Ya gaishe ta, ya wanke hannu, ya kunna inji ya zauna yana shafa gemu. Ta juyo tana murmushi.

"Baba Inuwa, injin nan namu Juma'a yake zuwa ne? Duk gwajin da aka yi ranar Juma'a da yamma sai na ga wani tsini a hagu. Man gyaɗa, man waken suya, har man zaitun da na zo da shi a rufe. Sauran ranaku babu."

Lokacin ya riga ya zuƙi mai a sirinji, ɗigo ya taru a bakin allura, babban yatsansa yana kai. Ya tsaya a haka. Ya dubi yatsan. A hankali ya kai shi hanci, yadda aka koya masa a gefen kasko shekara hamsin da suka wuce, ya ji turaren Malam Lawal. Sabulu ya wanke na hannu, gemu ya mayar masa da shi. Ɗigon da suke ratayewa ƙanƙane ne ƙwarai, ɗan maiƙon da ke kan yatsa ya isa ya bar shaida a cikinsa.

Ya tashi ya buɗe kabad, ya laluba ƙurya ya fito da kwalbar yayarsa, saura kamar rabi. Ya sa safar hannu, ya ɓare sabuwar allura, ya bar ɗigon farko ya faɗi da kansa a takarda. Sai a gwaji na uku ɗigon ya tsaya masa a iska. Ya haska. Zanen man gyaɗa ya fito, gefen hagu fili fetal. Ya sake sau biyu, babu komai. Sannan ya cire safar, ya shafa gemu da gangan, ya taɓa bakin allura, ya rataye wani ɗigon. Tsini ya miƙe tsaye a wurinsa.

Dakta ta fara murna, ta ce an gano, wannan ma abin rubutawa ne a gargaɗi masu irin aikin. Da ta ga ya zauna a kan kujera ya dafe gwiwoyi, sai ta tambaye shi ko lafiya. Ya ba ta labarin duka, tun daga Zulai har zuwa amsar da ya bai wa yayarsa. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta buga takarda da Turanci da Hausa cewa an gwada man an same shi man gyaɗa zalla, ta sa hannu, ta buga hatimi. Ta ce ya gaida Yaya.

Washegari ya sauka a tashar Makarfi da hantsi, ya tafi kai tsaye wurin Zulai. Tana nan inda ya bar ta, sai dai gefenta yanzu jarkar man kamfani ce mai ruwan ɗorawa. Ya gyara murya ya karanta takardar daga sama har ƙasa, har da sunan Dakta. Masu jiran ƙosai biyu suka saurara don ba su da abin yi. Zulai ta ce Allah sarki, ai maganar nan ta wuce tuntuni, ita har ta manta. Tana kwashe ƙosai ta ƙara da cewa wataƙila ma jarkar ce, don daga baya ta ga kamar an taɓa sayo kananzir da ita. Ta ce ya gaida tsohuwa, ta tambayi na gaba na nawa za a zuba masa. Malam Inuwa ya ninke takardarsa. Ya zo da shirin faɗa, bai samu abokin yi ba, ya hau babur zuwa Dandamisa.

Gidan ya yi shiru irin na gidan da ba a sana'a. Turmin yana kife a gindin bango, kaza ta hau kai. Kaskon suyar an zuba ruwa a ciki awaki na sha. Ƙamshin soyayyiyar gyaɗa da ke tarbar mutum tun daga zaure babu shi. Ummukulthum tana zaune a tabarma bakin ɗaki tana tsince wake, ta rame, kafaɗunta sun zube. Ta amsa sallamarsa kamar jiya ya tafi, ta tambayi iyali, ta tambayi hanya, ta tura masa ruwa a kofi.

Ya durƙusa, abin da rabonsa da yi a gabanta tun yana saurayi. Ya faɗi komai bai rage ba: turaren, gemun, yatsan, Juma'a uku. Ya ce man nata tsarkakakke ne, dattin daga hannunsa ya fito. Ya miƙa mata takardar, ya ce ta yafe masa.

Ta karɓa, ta juya ta gaba da baya. Ba ta karatun boko, ta shafa hatimin da yatsa ta ajiye a kan faifan wake. Sai ta kama hannunsa na dama, ta buɗe tafin, ta duba babban yatsan kamar mai neman ƙaya.

"Ni na koya maka wannan murzar," in ji ta.

"Ke ce, Yaya."

"Na yafe maka, Inuwa, tun ranar ma na yafe. Ni na san ban zuba ba, ba sai da takarda ba. Matan kasuwa kuwa ba su dame ni ba, bakinsu ne. Abin da na so ranar nan ka ce mini, ko injin ya faɗa, ke Yaya ba za ki yi ba. Shi ke nan abin da na aika a kira ka dominsa."

Sai ya kama maganar gyara: zai sayo buhun gyaɗa, zai bi masu waina ɗaya bayan ɗaya da takardar, zai sa a wanke kasko, kafin Sallah suna ya dawo. Ta bar shi ya gama. Sannan ta ɗaga hannun dama ta nuna masa iyakar inda yake kaiwa, bai wuce kafaɗa ba. Ta ce shekara hamsin taɓarya ce ke riƙe da kafaɗar nan ashe, da ta ajiye ta wata biyu sai ta sandare, yanzu ko guga ba ta iya ja. Ta faɗa ba da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin ruwan jiya. Ta ce ya tashi daga durƙuson nan, gwiwarsa ba ta yaro ba ce, ya zauna ta dafa masa abinci.

Ya zauna a tabarma yana kallonta tana hura wuta da hannu ɗaya. Ta dafa shinkafa da wake, abincin da ya fi so tun yana ɗan makaranta. Ta zubo masa a kwano, ta kawo yaji a murfi. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan ƙullin mai a leda irin na kanti, ta huda shi da haƙori, ta tsiyaye masa a kan shinkafar.

Tun da ya yi wayo bai taɓa cin man wani a gidan nan ba. Ɗigo ɗaya ya rage yana lilo a bakin ledar, yatsansa ya tafi da kansa ya ɗauke shi, ya murza, ya kai hanci. Babu ƙamshin komai.

"Ci mana," in ji Ummukulthum. "Zai huce."